Waɗanne kayan aiki sabuwar ƙungiyar ɗalibai masu haɗa mutum-mutumi za ta fara saye?

Tambaya: Ni malami ne, an ɗora mini kula da sabuwar ƙungiyar ɗalibai 12 da ke son haɗa mutum-mutumi su shiga gasa. An ba mu ɗaki mai teburi biyu, babu komai a ciki, kuɗin hannunmu kuma ba su da yawa. Yaran sun nace sai an fara da firintar 3D, injin da ke buga ɓangarori da roba. Me ya kamata mu fara saye, me zai iya jira?

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya. Firintar ta ɗan dakata, zan dawo kanta. Ba kasafai mutum-mutumin ɗalibai ke tsayawa cik a filin gasa don an rasa wani babban inji a ɗakin aiki ba. Ƙananan abubuwa ne ke kayar da shi: noti ya kwance, waya ta zare daga mazauninta, rami ya goce da rabin milimita har sandar taya ta ƙi juyawa, ko a ɗora batirin da bai cika ba. Don haka kuɗinku na farko su tafi kan kayan da za su sa rami ya faɗa inda aka nufa, noti ya ɗauru, waya ta riƙe.

Kafin ku sayi ko da sukudireba ɗaya, ku zauna ku karanta littafin dokokin gasar da kuka nufa, ku duba irin kayan haɗin da za ku yi aiki da su. A gasar FIRST Tech Challenge (FTC) da ta VEX V5, dole mutum-mutumi ya shiga cikin akwati mai inci 18 ta kowace fuska kafin a fara wasa, kusan milimita 457 ke nan. Abu mai wannan girman, zarton hannu da injin huda sun ishe shi. Gasar FIRST Robotics Competition (FRC) kuwa, wadda aka fara a 1992, injinanta manya ne, nauyinsu kan kai kilo 50, kuma ana yanka bututun alminiyam da yawa. Dokar VEX V5 ta 'yan makaranta ba ta yarda a sa ɓangaren da aka buga da firinta ya yi aiki a jikin mutum-mutumi ba. Idan can kuka dosa, firintar da yaran ke nacewa a kai ba za ta ƙara muku maki ko ɗaya ba.

Abin da zai fara shiga ɗakin shi ne gilashin kare ido, kowane ɗalibi da nasa, da ƙarin uku ko huɗu saboda baƙi. Ku duba jikinsa ku ga alamar Z87 ta Amurka ko EN 166 ta Turai. Tabarau na ƙara gani bai wadatar ba, akwai irin da ake ɗorawa a kansa. Mutane kan zaci haɗarin ido sai a gaban babban inji, alhali guntun wayar da aka datse da filaya yana tsalle ya ƙetare teburi. Duk wanda ya shigo ya sa, ko da kallo ya zo yi, kuma ku ne za ku fara sawa, Malam, domin abin da yara suka ga babba na yi shi suke ɗauka. Ku ajiye akwatin taimakon gaggawa da tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar fallen ƙarfe mai kaifi, amma kada a kusanci duk wani abu mai juyawa da ita. Idan bakin huda ya kama safar, da hannun zai tafi. Haka ma dogon gashi, da hannun riga mai faɗi, da duk wani tufafi mai lilo, a ɗaure su kafin a kunna inji.

Sai maganar sukurori, wadda ta fi komai cin lokacin ƙungiya ba tare da kowa ya lura ba. Tsari biyu ne a duniya, na milimita (masu farawa da M, kamar M4) da na inci (kamar 8-32), kuma kowane kamfanin kayan haɗi ya zaɓi nasa. Kayan goBILDA da sukurun M4 suke tafiya, na REV na gasar FTC M3, na TETRIX 6-32, na VEX 8-32, manyan injinan FRC kuma galibi 10-32 da 1/4-20. Ku zaɓi tsari ɗaya ku tsaya a kansa. Sukurun M3 mai ramin kusurwa shida a ka alanki 2.5 yake sha, notinsa sufana 5.5. M4 alanki 3 da sufana 7. M5 alanki 4 da sufana 8. Na 10-32 alanki 5/32 da sufana 3/8. Na VEX mai ramin tauraro T15 ne makullinsa. Da zarar kun san naku, kun san lambobi biyu ko uku da za a riƙa ɗauka kullum.

A nan ne sababbin ƙungiyoyi ke ɓarnar kuɗi. Sai a sayi katon akwati mai sufana da alanki na kowace lamba, guda ɗai-ɗai, yawancinsu har shekara ta ƙare ba a taɓa su ba. Ɗalibai 12 da alanki mai lamba 3 guda ɗaya, ai mutum ɗaya ne ke aiki, sauran sun zuba masa ido. Ku sayi cikakken jeri ɗaya saboda ɓacin rana, sannan lambobin da kuke amfani da su ku sayi biyar ko shida na kowace, masu mariƙi irin na sukudireba ko mai siffar T. Ku naɗa wa kowace lamba tef mai launinta, ta yadda ɗalibi zai ce a miƙo masa shuɗi a miƙo daidai. Kuma a nan kada ku bi araha, don araha ba ta ado: alanki mai taushin ƙarfe bakinsa ke fara mulmulewa, daga nan ya mulmule kan kowane sukurun da ya shiga. Akwai alanki mai kai kamar ƙwallo wanda ke shiga a karkace, yana da daɗin aiki a lungu, amma a juya da shi kawai. Ɗaurewar ƙarshe da kwance sukurun da ya kafe, da miƙaƙƙen bakin ake yi.

Ga abin da ya sa na matsa kan tsari ɗaya. Alanki 3/32 na inci kaurinsa milimita 2.38 ne. Yana shiga kan M3 mai neman 2.5, ɗalibi ya ji kamar ya zauna. Ya juya, ya juya, da ya zo matsawar ƙarshe sai ya ji ya sulluɓe. Ya leƙa, ramin mai kusurwa shida ya koma zagaye. Yanzu sukurun ba ya shiga, ba ya fita, kuma galibi a wurin da hannu ba ya kaiwa yake. Haka sukurun 10-32 da M5: a ido ba ka bambance su, tiredinsu ya yi kusa sosai, notin M5 yana hawa kan 10-32 har ya yi kamar ya ɗauru, sai nauyi ya hau ya zame. Saboda irin wannan rana ku tanadi filaya mai kullewa guda ɗaya, ban da filaya mai dogon baki da ta gama-gari. Sufanar da ake ƙara wa faɗi ma guda ɗaya ta isa, kada ta zama ta kullum, tana cinye kusurwar noti.

Mutum-mutumi yana girgiza, yana karo da bango da abokan karawa, girgiza kuma tana kwance noti. Maganin farko shi ne noti mai zoben nailan a ciki. Inda noti ba ya shiga, a ɗiga ruwan kulle tiredi, shuɗin, irin Loctite 243, wanda ake iya kwancewa da hannu daga baya. Jan kuwa sai an gasa shi da wuta kafin ya saki, ku bar shi. Gargaɗi ɗaya: wannan ruwa yana tsattsaga folikabonet, robar nan mai tauri da ake gani ta cikinta, kada ya taɓa ta.

Kayan awo su ne aka fi rainawa, ni kuma su nake sa wa gaba da kayan yanka. Kuna bukatar rular ƙarfe ta milimita 300, tef ɗin awo, sukwaya biyu, alƙalami mai siririn baki, tsinken zana layi a jikin ƙarfe, da fanc, ɗan ƙarfen nan mai tsini da ake bugawa ya bar gurbi inda za a huda. Sai kalifa mai nuna lamba ta milimita 150, wadda ke auna kauri da faɗin rami da zurfinsa. Da ita ɗalibi zai san ko sandar da ke hannunsa milimita 6 ce ko kwatan inci, wato 6.35, bambancin da ido ba ya gani amma boris yana gani. A rufe bakinta a mayar da ita sifili kafin kowane awo, a mayar da ita gidanta bayan an gama, a ajiye mata batirin canji.

Bari in nuna yadda rami ɗaya ke fita daidai, don a nan ne duk waɗannan kayan ke haɗuwa. Ɗalibi ya zaɓi gefe ɗaya miƙaƙƙe na ƙarfen, daga nan zai auna komai. Idan ya auna rami na biyu daga na farko, na uku daga na biyu, kuskure taruwa yake: ramuka biyar, kowane ya goce da rabin milimita, na ƙarshe ya yi nisan milimita 2.5 da inda ake jiransa. Ya ja layi biyu da sukwaya su gitta juna, ya ɗora tsinin fanc a mahaɗarsu, ya buga sau ɗaya. Ya ɗaure ƙarfen a kan katako. Ya fara da ƙaramin baki, kamar 2.5, wanda zai zauna cikin gurbin ba tare da yawo ba, sannan ya bi da bakin da ake so. Ya kankare ƙaiƙayin da ya tashi a bakin ramin. Idan kuma faranti biyu ne na hagu da dama da sanda ɗaya za ta ratsa, ya haɗa su ya matse ya huda su tare, ta haka ko ramin ya ɗan goce, tare suka goce, sanda za ta wuce.

Na ce ya ɗaure ƙarfen, kuma wannan ba shawara ba ce, doka ce. Lokacin da bakin huda ke gab da ɓullowa ta ɗaya gefen yakan cafki fallen ƙarfe ya juya shi da ƙarfi, hannun da ke riƙe da shi ne zai sha yankan. Ku sayi bais, mamatsin nan na ƙarfe da ake kafewa a jikin teburi, mai baki kamar milimita 100, ku ɗaure shi da bol a kusurwar teburin da ya fi nauyi. Ku sa masa guntayen katako ko alminiyam a baki don kada haƙoransa su ɓata aikin. Kilam kuma, ƙananan mamatsai na ɗaure aiki a teburi, huɗu zuwa shida, ba sa yin yawa.

Yanka ba ya bukatar dogon bayani. Zarton ƙarfe biyu da ruwan canji da yawa. Ana sayar da ruwan da yawan haƙora a kowane inci: 18 na ƙarfe mai kauri, 24 na yawancin aiki, 32 na siririn bututu. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su kasance a kan ƙarfen a lokaci guda, in ba haka ba zarto zai riƙa cijewa yana karya haƙori. Haƙoran su kalli gaba, a danna wajen turawa, a sassauta wajen jawowa, a yi amfani da tsawon ruwan gaba ɗaya. A yanka a ɗan wajen layi, a ƙarasa da magagari. Magagari uku sun isa, mai faɗi, mai rabin zagaye, da zagayayye, kowane da mariƙinsa, da burushin waya na share haƙoransa, domin alminiyam yana toshe su. Ku ƙara samfefa, wuƙar yanka kwali, almakashin fallen ƙarfe, da guduma mai kan roba. Duk gefen da aka yanka a goge kaifinsa. Masu duba mutum-mutumi kafin wasa suna mayar da mai kaifin gefe, kuma gefen da ya yanki yatsa zai yanki rigar waya.

Abu biyu da nake so ku tsare. Kada a goga alminiyam a dutsen giranda, yana liƙewa cikin dutsen ya sa shi zafi har ya iya fashewa. Kuma kada a yi yanka ko huda a jikin mutum-mutumi alhali allunan lantarkinsa na buɗe. Ɓurɓushin alminiyam ɗaya da ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu na allo ya isa ya ƙone shi. A cire ɓangaren a kai shi bais, in ba zai ciru ba a lulluɓe lantarkin, a share da burushi ko injin zuƙar ƙura, ba da hura baki ba.

Injin huda mai batir shi ne injin farko da za ku saya, in da hali biyu, kuma na kamfani ɗaya don batirinsu ya zama ɗaya. Ku nemi mai giya biyu da zoben daidaita ƙarfi. Ƙarfe a giyar ƙasa ake huda shi, a hankali, da ɗigon mai. Bakin huda na HSS, wato na huda ƙarfe, daga milimita 1 zuwa 10 jeri ɗaya, sannan ƙananan lambobin da kuke yawan ɗauka ku sayi da dama, don karyewa suke yi a hannun mai koyo. Akwai baki mai hawa-hawa kamar matakala, shi ya fi dacewa da buɗe babban rami a siririn falle. Ku koya wa yaran bambancin rami iri biyu: wanda sukuru zai wuce ta cikinsa, da wanda za a yanka wa tiredi. Ga M4, na wucewa 4.5 ne, na tiredi 3.3. Ga M3, 3.4 da 2.5. Ga M5, 5.5 da 4.2. Ku rubuta wannan a kwali ku manna a bango. Taf ɗin yanka tiredi na lambobinku kawai za ku saya, a juya rabin zagaye gaba, a ɗan koma baya don ɓurɓushi ya karye, da mai, a tsaye cak. Taf ƙarfe ne mai tauri da saurin karyewa, idan ya karye cikin rami sau da yawa an yi asarar ɓangaren ke nan. Bindigar ribiti ta hannu ma tana da rana wajen haɗa faranti da bututu, ba ta da nauyi, girgiza ba ta kwance ta, in an so cirewa a huda kan. Idan za ku ja taya da sarƙa, ku haɗa da abin datse sarƙa na lambarta.

Yanzu lantarki, inda na fi so ku buɗe hannu. Mutum-mutumin da ya yi shiru a tsakiyar wasa, kafin a zargi masu rubuta manhaja a fara duba waya. Kayan farko shi ne maltimita mai ƙara, wadda ke yin tsuwa idan wuta na iya bi daga wannan kai zuwa wancan. Ku koya wa kowane ɗalibi bin sawun wuta da ita: daga batir, zuwa makunni, zuwa fis, zuwa mahaɗa, zuwa allo, har a ga inda ta ɓace. Batir na iya nuna sama da 12V yana hutawa, ya zube da zarar moto ya ja, saboda haka awon da ake yi yana aiki ya fi faɗin gaskiya. Kuskuren da kusan kowane mai koyo ke yi shi ne barin jar igiyar mita a ramin auna amfiya, sannan ya ɗora ta a kan batir. Nan take fis ɗin mitar ya ƙone. Ku ajiye na canji.

Sai abin feɗe waya mai ramuka lamba-lamba. Wuƙa ko filaya suna gutsure siraran zaren tagulla, wurin da aka gutsure kuma nan waya za ta tsinke wata rana. Lambar waya ta AWG a juye take, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri: 12 ta fi 18 kauri, 22 ta sigina ce. A FRC hanyar da ke ɗaukar amfiya 40 da lamba 12 ake ja, babbar wayar batir kuma lamba 6. Siririyar waya a hanyar moto zafi take yi, tana kuma cinye ƙarfin da ya kamata ya isa taya.

Idan kuɗinku na kayan lantarki abu ɗaya mai kyau za su iya saye, to ya zama kirimfa, filayar matse kan waya, mai ƙugiyar da ba ta sakin baki sai an matse har ƙarshe. Ta gama-gari mai araha tana lotsa kan ne kawai, ya yi kyau a ido, ya zare a fili. Kowane irin kai da bakin da ya dace da shi: Anderson Powerpole da nasa, ƙananan kawunan JST da nasu, hular ƙarfen da ake sa wa bakin waya kafin ta shiga ramin sukuru ita ma da nata. Ku duba kawunan da ke cikin kayan haɗinku ku sayi nasu. Kuma duk kan da aka matse, wani ɗalibi daban ya riƙe shi ya ja da ƙarfi. Gara ya zare a hannunsa a kan teburi.

Yara suna son soda, don tana kama da aikin gwanaye, amma a jikin abin da ke girgiza matsewa ta fi ta. Narkakkiyar dalma tana bin zaren waya ta hau, ta mayar da wurin sandararre, daidai inda taurin ya ƙare nan lanƙwasa ke taruwa har waya ta karye. Kada kuma a shafa wa bakin waya dalma sannan a danne shi da sukuru, dalma tana lotsawa a hankali, haɗin ya yi sako-sako. Duk da haka kuna bukatar ƙarfen soda, saboda alluna da mahaɗa irin XT30 da XT60. Ku sayi mai daidaita zafi, da mazauninsa. Dalma mai haɗin 63/37 tana narkewa a digiri 183 na Salsiyas, marar gubar dalma a wajen 217, ana kuma saita ƙarfen tsakanin 320 da 370. A ɗumama mahaɗar ne, sannan a kawo dalma ta narke a kanta ta kwanta sumul. Idan ta dunƙule ta yi dishi-dishi, haɗin bai kama ba. A buɗe taga saboda hayaƙi, a wanke hannu bayan an gama. Ku tanadi robar da ke tsukewa da zafi, a tuna a zura ta kafin a haɗa wayar, da tef ɗin lantarki, da ɗaurin roba mai haƙora, da ƙaramar filaya mai yanka daf da jiki. Wannan ƙaramar ta tagulla da roba ce kawai, ta ciji ƙarfe sau ɗaya bakinta ya tafi.

Jar waya ta kai wuta ce, baƙa ta dawowa, kada a saɓa ko da waya ta ƙare. Juya kan batir sau ɗaya yana iya kashe allon sarrafa moto. A rubuta suna a kan kowace waya ta kai biyu. Idan da ƙananan allunan kwamfuta irin Arduino ko Raspberry Pi kuke gini, ku sani Arduino Uno a 5V yake aiki, ƙafafun Raspberry Pi kuma 3.3V suke ɗauka, idan aka tura musu 5V suna lalacewa. Ƙafar Arduino abin da aka shawarta ta ba da bai wuce miliamfiya 20 ba, don haka ba a ɗora mata moto kai tsaye, sai ta allon tuƙa moto. Allon gwaji mai ramuka na kan teburi ne, kada ya hau mutum-mutumin da zai shiga fili.

Batir aƙalla biyu, uku ya fi, da cajar da aka yi domin irinsa. FRC da batirin dalma rufaffe mai 12V da 18Ah take aiki, kada a taɓa ɗaga shi ta wayarsa. FTC kuma na NiMH mai 12V. Idan batirin litiyam na LiPo za ku riƙe, shi ne mai bukatar sa ido: kowane ɗaki nasa 4.2V ne a cike, kada ya sauka ƙasa da 3.0V, a yi cajinsa da caja mai daidaita ɗakunan, cikin jakar da ba ta cin wuta, da mutum a kusa. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki. Ku sa wa batiran lamba, ku ware wurin cikakku da wurin waɗanda aka sauke, ku rufe kawunansu, don sufana ɗaya da ta faɗo ta haɗa kai biyu tana iya tayar da gobara.

To, firinta. Ba na ƙinta. Tana da kyau wajen yin mazaunin na'urar gani, da 'yan zobban tazara, da ɓangarori masu siffar da zarto ba zai fitar ba. Amma tana da jinkiri, ƙaramin abu kan ci sa'o'i. Robar PLA da ake bugawa da ita tana fara laushi a wajen digiri 60, kusa da moto mai zafi sai ta saki. Abin da aka buga ya fi rauni tsakanin hawa da hawa, ramukansa kuma kan fito a ɗan tsuke sai an bi su da bakin huda. Uwa uba, ba ta buga komai sai wani ya zana shi a kwamfuta. Saboda haka ku fara da zanen: manhajar zane ta Onshape tana aiki ta intanet kuma kyauta ce ga makarantu, FreeCAD ma kyauta ce. Ranar da ɗalibai biyu ko uku suka iya zana ɓangare da awonsa daidai, ranar firinta ta cancanci kuɗinta. Kafin nan kwali, falankin katako da gam mai zafi za su gwada muku dabara cikin minti 20. Idan kuɗin babban inji sun samu, ni injin huda na tsaye zan fara saye, domin yana ba da rami miƙaƙƙe wanda boris ke so. Injin walda, giranda ta hannu, injin feƙe ƙarfe da CNC, injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, duk su jira, shekarar farko ba ta bukatarsu, kuma kowannensu sai da ƙwararre a tsaye. Ku ware kwamfuta ɗaya ta manhaja, a riƙa adana aikin a Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane gyara, a ajiye igiyoyin USB na canji.

Kayan da ba a san inda suke ba daidai suke da waɗanda ba a saya ba. Ku kafa allo a bango, ku rataye kowane abu, ku zana siffarsa a bayansa, ta yadda gurbin da ba kowa zai nuna abin da ya ɓata. Sukurori a akwati mai ɗakuna, kowane tsawo da ɗakinsa da sunansa. Minti goma na ƙarshen kowane zama na shara ne da mayar da kaya. Ku haɗa ƙaramin akwati daban na zuwa gasa, da alanki da sufanar lambobinku, mita, kirimfa, fis, tef da ɗaurin roba.

Ku kuma lura da wanda ke riƙe kayan. A kowace ƙungiya akwai yara biyu ko uku masu zafin nama da za su mamaye injin huda, sauran su koma miƙo wannan, riƙe wancan, har shekara ta ƙare. Kafin a taɓa mutum-mutumin gasa, ku ba kowane ɗalibi aiki iri ɗaya a makon farko: ya yanko guntun alminiyam mai tsawon milimita 60, ya daidaita bakinsa da sukwaya, ya goge kaifinsa, ya huda ramuka biyu masu tazarar milimita 32, ya ɗaura shi a jikin na abokinsa da sukuru da noti, sannan ya feɗe waya ya matse mata kai a ja a gani. Wanda ramukansa suka ƙi haɗuwa da na abokinsa ya ɗauki kalifa ya gano inda awon ya goce, ya sake wani. Ku buɗe takarda mai sunayensu da sunayen kayan, duk wanda kuka ga ya iya riƙe abu yadda ya kamata ku sa masa hannu a gurbinsa, kuma sai mai sa hannu ne zai ɗauki wannan abin ba tare da kuna tsaye a kansa ba.